Kalmar Sirrin da Na'Allah Ya Hana Ni

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Alhamis, sha tara ga watan Shawwal, Allah Ya karɓi ran Malam Na'Allah Mu'awiya Jabo bayan jinyar kwana huɗu, aka yi masa sutura a Jabo bayan sallar Azahar. Shi ne mai kula da na'urori a cibiyar jarrabawa ta kwamfuta da ƙungiyarmu ta gina a Tambuwal. Ni kuma, Jamaluddeen, ni ne manajan wurin. Shekara shida muna aiki tare, kusan rabinsu muna faɗa.

Na'Allah, bari in yi maka magana kai tsaye, yadda ka saba yi mini. Kwamfutocin zauren nan ka san halin kowace kamar makiyayi da shanunsa. Daga ƙarar fanka kana gane wadda za ta ba da matsala gobe. Ranar Asabar, maimakon ka huta, sai ka hau babur ka tafi Kebbe, ka gyara tsofaffin kwamfutocin wata makarantar 'yan mata, ka zauna kana koya musu yadda za su amsa tambaya a allon kwamfuta ba tare da fargaba ba. Ko man babur ba ka taɓa karɓa ba.

Amma kana da taurin kai, ba zan ɓoye ba. Da mutanen unguwa suka riƙa soka wayoyinsu a jikin kwamfutocinmu don caji, tunda solarmu ba ta ɗaukewa, ka toshe ramukan duka, ka ce ta nan cuta ke shiga, ka ja musu waya zuwa baranda. Aka yi ta gunaguni, ka toshe kunne. Babban faɗanmu kuwa a kan saba ne, wato babbar kwamfutar da duk sauran ke ɗauko tambayoyi daga cikinta. Alhaji Namadi, shugaban ƙungiyarmu, ya nemi kalmar sirrinta, ka hana shi. Na nema, ni ma ka hana ni. Ka ce, "Manaja, ba ni ba ka. Kai ba ka iya hana kowa komi. In babba yat tambaye ka, kunya za ta sa ka hwaɗi, gobe kowa ya sani." Raina ya ɓaci, na kira ka marowaci a gaban ma'aikata, kuma har ka koma ga Mahaliccinka ban janye ba. Wannan yana ci na.

Washegarin rasuwarka, zafin rana ya sa inbata, na'urar da ke ba mu wuta daga solar, ta katse. Da wuta ta dawo, saba ta tashi tana neman kalmar sirri, wanda ya san ta kuwa yana kabari. Ranar Litinin masu duba cibiyoyi daga hukumar jarrabawa za su zo gwaji. In ba ta buɗe ba, za a mayar da ɗalibanmu Sakkwato. A cikinsu akwai 'yan matan Kebbe sittin da uku waɗanda iyayensu suka faɗa mana tun farko cewa Tambuwal ce iyakarsu, saboda halin da hanya take ciki. Shekararsu ta tafi ke nan, wasu ma karatun gaba ɗaya.

Na yi abin da ka sha hana mu. Na zauna ina canka. Na sa sunan 'yarka Nasiha, ta ƙi. Na sa lambar wayarka, ta ƙi. Na sa Jabo da shekarar haihuwarka, sai ta rubuto cewa saura ƙoƙari ɗaya ta kulle kanta. Na kira wani injiniya a Sakkwato, ya ce in ɗauke hannuna, domin in ta kulle sai an goge ta an sake zuba komai, aikin kwana huɗu. Mu kuma kwana biyu muke da su.

Ranar Asabar na je Jabo sadakar uku. Ina kan tabarma, ana addu'a, bakina na cewa amin, hankalina na ɗakin saba. Allah Ya yafe mini. Mutum ɗaya ce za ta iya sanin wani abu, matarka Batula, ga shi tana takaba, hawayenta ko bushewa ba su yi ba. Na daɗe ina kai kawo a ƙofar gida kafin na aika a kira mini Goggo, ƙanwar mahaifinka. Na durƙusa na faɗa mata abin da ke tafe da ni. Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, ba ka da ta ido? Mace na takaba, kwana ukku, kaz zo muna da zancen inji?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta juya ciki ba ta ce in jira ba, ni kuma na kasa tashi.

Can sai ga ta da ambulan a liƙe. Ta ce, "Batula tac ce ran da ciwo yay yi tsanani yab ba ta. Yac ce in Manaja ya taho da kainai a ba shi, in aike yay yi kada a ba."

Ban san yadda na iso Tambuwal ba. Na kulle ƙofa, na yi bisimilla, na riƙa danna haruffan da yatsa ɗaya, ina duba takarda sau uku kafin kowane. Allon ya yi baƙi. Na ce shi ke nan, na kashe yaran mutane. Sai fanka ta ɗauka, saba ta buɗe. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. A ƙasan kalmar ka jera mini inda ka ajiye kwafin komai da yadda zan canja ta, sannan ka rufe da cewa, "In wani babba ya nema, ka ce ni na hana. Na saba da baƙin jini."

Ranar Litinin aka yi gwaji, cibiya ta tsallake. Masu duba ba su gama fita ba Alhaji Namadi ya ja ni gefe ya ce tunda yanzu kalmar sirrin tana hannuna, in rubuta masa. Mutumin nan ya girmi mahaifina. Sunanka ya zo har kan harshena, amma na ga bai kamata in ci gaba da laɓewa a bayan mamaci ba. Na ce, "Alhaji, ka gafarce ni, amana ce, ba zan iya ba." Tun ranar ba ya amsa gaisuwata. Kwana biyar na ɗanɗana abin da ka haɗiye shekara shida, kuma wallahi akwai ɗaci.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Batula da Nasiha da Goggo da dukan mutanen Jabo, ina kuma roƙonsu su yafe mini abin da na faɗa maka. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari. Allah Ya jiƙanka, Na'Allah, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka, Ya kyautata namu ƙarshen. Jibi 'yan matan Kebbe za su zauna a zaurenka su rubuta jarrabawa, ba su san abin da ka yi musu daga gadon jinya ba. Allah Ya sani, Shi zai biya ka. Amin.