Dattijon Da Ya Zo Saya Wa 'Yar Farinsa Allon Zamiya

Wata rana da yamma, sanyin Kanada na kan ganiyarsa, wani dattijo ya turo ƙofar shagon da nake aiki.

Ga waɗanda ba su daɗe da fara bibiyata ba: karatu ne ya kawo ni ƙasar nan, neman abin sawa a baki kuma ya kai ni wani shago a gindin tsauni, inda ake sayar da kayan wasan ƙanƙara.

Babbar hajarmu ita ce allon zamiya. Dogon allo ne da mutum ke ɗaure ƙafafunsa biyu a kai, ya gangaro daga saman tsauni a guje bisa dusar ƙanƙara.

Eh, da gangan suke yi, kuma da hankalinsu. Ni ma tuni na daina tambaya.

Ranar na gaji. Ba irin gajiyar da barci ke maganinta ba.

Tun safe ina tsaye, ina murmushin dole, ina maimaita wa mutane bayani ɗaya da harshen da ba nawa ba. Rana kuwa a garin nan leƙowa kawai take yi ta koma, kamar baƙuwar da ta yi ɓatan gida.

Na sunkuya zan ɗaga wani kwali, ƙuguna ya amsa. Ban san lokacin da na ce "Wash Allah!" ba.

Sai na ji murya a bayana.

"Sannu, ɗan samari. Kai ɗan ina ne?"

Na juya. Dattijo ne dogo, furfura ta cinye gemunsa, ya cusa hular sanyi a kan hular gida. Idanunsa sun faɗa, irin na mutumin da ya kwana biyu yana tunani.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce daga Zariya nake.

Ya girgiza kai. "Bazazzagi a shagon ƙanƙara? Lallai Turawan nan sun rasa ma'aikata."

Na ce, "Baba, ai ba sai ka faɗa ba, na san daga Kano kake."

Muka yi 'yar dariya. Tasa ba ta yi nisa ba.

Ya ce shi mutumin Bichi ne, direban babbar mota, ya daɗe a ƙasar nan, a nan ya yi iyali. Sannan ya nuna bangon da muka jera alluna.

"Guda ɗaya nake so. Ka zaɓo mini mafi gajarta, mafi laushi. Wanda ba ya gudu."

Irin na 'yan koyo ke nan. Na ce, "Na wa ne, Baba?"

"Na yarinyar gida ne."

"Shekarunta nawa?"

"Ta girma."

"Nauyinta fa? Da nauyi ake auna allo."

Ya kalli rufin shago.

"Lambar takalminta?"

Ya kalli ƙasa.

"To, ya sunanta? Zan duba ko ta taɓa sayen wani abu a wurinmu."

Ya yi gyaran murya. "Babbar ce dai."

A nan na gane. 'Yar farinsa ce.

Wanda ya tashi a gida irin namu ya san zancen. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Dattijon nan ya tsallako teku, ya bar gida da dangi da tuwon dawa, amma wannan kunyar ya ƙulle ta a jaka ya taho da ita.

Na jawo masa kujera. Babu kowa a shagon, ni ma ƙafafuna hutu suke nema.

A hankali labarin ya fito.

Yarinyar ta haura ashirin. Tun tana firamare makarantarsu ke kai su tsauni, ta koyi zamiyar nan, ta ƙware har ta fi waɗanda suka koya mata. Makon da ya wuce allonta ya tsage. Ranar Asabar mai zuwa kuma ita da abokan wasanta za su haura bayan tsaunin.

Da na ji "bayan tsaunin", na gyara zama.

Gaban tsauni shi ne inda kowa ke wasa. Kullum wani inji na bi yana daddaɓe ƙanƙarar, ta kwanta sumul kamar daɓen ɗaki.

Bayan tsauni kuwa babu mai taɓa shi. Sabuwar dusa ce ke zuba tana taruwa, mai laushi kamar garin da aka tankaɗe, wani wurin ta kai mutum ƙugu. Gangaren kuma a miƙe yake, in ka tsaya a bakinsa ba ka hango ƙasansa.

Dattijo ya ce, "Uwarta kwana take kuka. Ta ce in hana ta. To ni ta ina zan fara? Tunda aka haife ta, maganarmu ta bakin uwarta take bi. Na ce, ta ce. Ta ce, na ce."

Ya murza idanunsa.

"Shi ne na yi dabara. Zan saya mata allo da kaina, in ba ta hannu da hannu. Amma na yara, wanda ba zai iya can ɗin ba. Ka ga dole ta tsaya nan ƙasa inda ake lallaɓawa. Ba faɗa, ba tashin hankali."

Ya dube ni yana jiran in yaba.

Gaskiya zan faɗa muku: raina ya so in miƙa masa abin da ya nema ya tafi. Aikina sayarwa ne, ba sasanta gidan mutane ba. Kuma lokacin rufe shago ya matso.

Na tashi na sauko da allo biyu, na kwantar da su a gabansa.

Na farko shi ne wanda ya nema. Gajere, siriri, na danna shi da hannu ɗaya ya lanƙwashe.

Na biyu dogo ne mai faɗi. Gabansa ya ɗaga sama kamar goshin kwalekwale, bayansa gajere, jikinsa da tauri.

Na ce, "Baba, wannan babban shi aka yi don can. Faɗinsa ke sa ya yi iyo a saman dusa. Goshin nan ke hana shi nutsewa. Taurinsa ke sa gefensa ya kama ƙasa in gangare ya miƙe."

"Ƙaramin fa?"

"Ƙaramin in ya shiga dusa mai zurfi, goshinsa cakewa yake yi. Allon ya tsaya cak, mai shi ya wuce da ka. In mutum ya nutse da ka a irin wannan dusar, ƙafafunsa a ɗaure, ba kullum yake iya fitar da kansa ba."

Ya gyaɗa kai da sauri. "Yawwa. Ai ita ma ta san haka. Shi ya sa ba za ta je ba."

Na daɗe ina kallonsa. Sannan na ce:

"Baba, tsakaninka da Allah, in ta sa abu a ranta, tana fasawa?"

"Ba ta fasawa. Halina ta ɗauko."

"To in ka ba ta wannan, za ta ajiye shi ta ari na wani?"

Ya ɗaga kai, har da ɗan alfahari. "Abin da na ba ta da hannuna? Ban taɓa ba ta komai da hannuna ba. Ko tsinke ne ba za ta ajiye ba."

"To ka ga da shi za ta hau ke nan."



Na ga maganar tana saukar masa a hankali, daga fuska zuwa kafaɗu. Ya miƙa hannu ya danna ƙaramin allon, ya ga yadda ya lanƙwashe, ya janye hannun da sauri.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce can ƙasa. "Da ni zan kai ta."

Tausayinsa ya kama ni har na ji kunyar kallonsa.

Ya jima a zaune. Sannan ya nuna babban da haɓa.

"Ba ni wancan."

Na ce, "Shi ma girma-girma ne, Baba. Sai na san nauyinta da lambar takalminta. Kuma sai na san ƙafar da take sawa a gaba, hagu ko dama, don in ɗaura mata maɗaurin daidai."

"Bari in kira uwarta."

Ya zaro waya, ya tsaya. Shi da kansa ya san in uwar ta ji abin da zai saya, gidan ba zai zaunu ba.

Ya daɗe yana jujjuya wayar a hannu. Mutumin da ke tuƙa babbar mota a kan ƙanƙara cikin duhun hunturu, ga shi ya kasa danna lambar 'yarsa.

Ya danna. Ya sa a amsa-kuwwa, wai don in ji lambobin da kaina. Ni dai na san ba shi ne dalilin ba, tsoron zama shi kaɗai da muryarta yake yi.

Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Baba? Lafiya? Me ya sami Umma?"

Ya runtse ido.

Wato a sanin yarinyar nan, mahaifinta ba zai kira ta ba sai in wani abu ya faru.

"Lafiya ƙalau take," ya ce. Ya yi gyaran murya. Ya sake yi. "Na ce ba... wace ƙafa kike sawa a gaba?"

"Na'am?"

"A kan allon nan naku. Hagu ko dama?"

Sai muka ji ta ja numfashi.

"Dama, Baba." Hausarta ta ɗan karye irin ta yaran da aka haifa a nan, amma ladabin na nan daram. "Kana ina ne?"

"Ina shago. Ga wani Bazazzagi nan ya tsare ni da tambayoyi. Faɗa masa nauyinki da takalminki."

Ta faɗa mini. Na tambaye ta ko suna da jagora, da na'urar neman wanda dusa ta binne, da shebur. Ta ce duk suna da su, kuma in hukumar tsaunin ta ce akwai haɗari, ba za su hau ba. Yarinyar ta san abin da take yi.

Sai ta ce, "Baba, na zaci hana ni za ka yi."

Ya kalli allon da ke gabansa.

"Na so in hana ki. Har yanzu ban so ki je ba. Tsoro nake ji, shi ke nan."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Yau na fara faɗa."

Ni dai na juya baya na kama ɗaura maɗauri, ina ƙara wa kusoshin ƙarfi fiye da yadda suke buƙata.

Ban ji sauran maganarsu ba, don ya cire amsa-kuwwar ya koma bakin taga. Ba su daɗe ba. Mutanen da ba su saba hira ba, ba a rana ɗaya suke koya ba.

Da na gama, na miƙa masa allon. Ya rungume shi a ƙirji, bai san ma yadda ake riƙe shi ba.

"Ɗan samari, wannan zai riƙe ta?"

Na ce, "Baba, tsaro na Allah ne. Amma wannan ba zai ci amanarta ba."

Ya gyaɗa kai. Ya sa mini albarka, ya ce in riƙa kiran gida.

A bakin ƙofa ya tsaya, kamar ya manta wani abu.

"Yanzu sai in je in faɗa wa uwarta," ya ce. Ya yi wata doguwar ajiyar zuciya. "Wannan gangaren shi ne nawa."

Ya fita cikin dusa, allon ya fi kafaɗarsa tsawo, yana takawa a hankali don kar ya zame.

Na san za ku cika mini akwatin saƙo da "To ya aka ƙare? Ta je? Ta dawo lafiya?"

Ban sani ba. Bai bar mini lamba ba, ban sake ganinsa ba. Abin da na sani kawai, Asabar ɗin ta wuce ba mu ji jiniyar masu ceto ba, kuma na yi hamdala.

Darasi:

Da yawanmu ba ma iya ce wa 'ya'yanmu "ina jin tsoro". Sai mu bi ta bayan gida: mu rage musu shiri, mu ɓoye musu abin da muka sani, mu ba su abin da ba zai kai su ba, muna zaton hakan zai zaunar da su.

Ba ya zaunar da su. Tafiya suke yi, riƙe da abin da muka ba su, saboda mu muka ba su.

In za ka hana, zauna da ɗanka ka hana shi da bakinka, ya ji dalilinka. In kuwa ka san ba zai hanu ba, to ka ba shi abin da zai riƙe shi a inda za shi.

Wannan labarin, ka tura wa wani uba ko wata uwa da ka san magana ta tsaya musu a wuya. Kai kuma da ke karantawa, in yaronka zai firgita don ya ga kiranka, kira shi yau.