Malam Isufu, Wanda Ya Hana Mu Kai Dawaki Tabki

Ina gona ina maimai ranar Talata da hantsi, Sani ɗan Malam Isufu ya kira ni a waya ya ce Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa da asuba a gidansa na unguwar Birni, cikin Damagaram. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye hauya, na zauna a ƙasa, na daɗe ban tashi ba.

Malam Isufu ma'aikacin elbaj ne, ofishin da ke kula da lafiyar dabbobi, ya ƙare ƙarfinsa yana zagaya ƙauyukan Damagaram a kan tsohuwar moto, wato babur. Ni manomi ne a ƙasar Gaffati, ban yi boko ba, amma ɗalibinsa nake kiran kaina, kuma ba mai hana ni. Da faɗa muka san juna.

Wata damina mai ruwa sosai ciwo ya faɗa wa dawakin garinmu. Doki zai kwana lafiya, gobe ka ga saman idonsa ya kumbura, jiki zafi, numfashi na gagararsa, kafin kwana uku kumfa ta fito ta hanci ya faɗi. Mu kuwa al'adarmu tun kakanni, da la'asar mu kai dawaki tabki mu wanke su, mu ɗaure su a bakin ruwa su sha iska har bayan magariba. Da ciwon ya zo sai muka ƙara yawan wankan, wai don zafin jikin ya sauka. Ingarmana ya mutu a hannuna. Saura goɗiya ɗaya mai ciki, jikar wadda mahaifina ya bari. In ta tafi, irin dawakin gidanmu ya ƙare ke nan.

Da Malam ya iso bai yi dogon bayani ba. Ya jira rana ta yi ƙasa, ya bi mu tabki, ya shafa farin ƙyalle a ƙasan cikin goɗiyata, ya nuna mana wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo a jikinsa. Ya ce ƙwari ne masu cizo, a laka mai haɗe da kashin dabbobi suke hayayyafa, da faɗuwar rana da fitowarta suke tashi. Su ne ke cizon doki marar lafiya su ɗauki ƙwayar cutar su kai wa mai lafiya. Ya ce ko sangen sauro ba ya tare su, ta hudarsa suke wucewa.

Ni kuwa raina a ɓace yake. A gaban jama'a na ce masa abin da bai kai ƙwayar gero ba ba zai kayar da ingarma ba, ya koma ofishinsa ya bar mu da abin da muka gada. Har yau in na tuna kunya nake ji. Ko gira bai ɗaga ba. Ya ce, "Malam Habu, gobe ma ka zage ni, ina nan. Amma yau ka shigar da goɗiyar nan ɗaki kafin rana ta faɗi."

Da hannunsa ya taya ni kwashe kayan zaure, ya rufe ƙofa da taga da zane mai ƙaramar saƙa, ya haɗa busasshen kashin shanu da ganyen dogon yaro ya tayar da hayaƙi. Bai taɓa yaudarar mai dabba ba. Yakan ce, "Wannan ciwo ba ni da maganinsa, hana shi shigowa kaɗai na iya." Shi ya sa kowace shekara kafin ruwan farko sai ya zo da allurar rigakafi, ko an kira shi ko ba a kira shi ba. In ya shiga gida, doki yake fara dubawa kafin ya zauna a tabarma, kaza kuwa in ka ba shi sai ya mayar wa matar gida. Goɗiyata ta tsira, ta haifi mace. Daga wannan shekarar ba mu sake kwantar da doki a bakin tabki ba.

Wannan 'yar da aka haifa ita na hau zuwa jana'izarsa, na ɗaure ta a lungun gidan. Bayan an kai shi makwancinsa muna zaman makoki, la'asar ta yi, ga ruwa kwance a lungun, ga laka irin wadda ƙwarin nan ke hayayyafa a ciki. Hankalina ya rabu biyu, don abin kunya ne mutum kamar ni ya riga kowa tashi. Sani ya lura ina ta waige. Ya matso ya ce, "Baba Habu, tashi ka tafi da ita. Da Malam yana nan da tuni ya kore ka."

Na isa gida da sauran rana, na shigar da ita zaure, na tayar da hayaƙi. A nan ne kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace mini.

Allah ya jiƙan Malam Isufu, ya yafe masa kurakuransa, ya sa tausayin da ya nuna wa dabbobin da ba su da bakin godiya ya zama haske a kabarinsa. Allah ya ba matarsa Hajiya Rabi da Sani da ƙannensa haƙurin wannan rashi, ya raya abin da ya bari. Ni kuma Allah ya yafe mini maganar da na faɗa masa a bakin tabki. Amin.