Sa'adatu Ta Ƙi Gyara Bakin Tsofaffi

Shekara shida ke nan da muka kai ƙanwata Sa'adatu makwancinta a Talata Mafara. Ciwon kwana tara ya ɗauke ta, saura kaɗan ta kammala digirinta na biyu. Ni yayanta ne, malamin firamare, kuma a hannuna aka bar akwatin takardunta.

Kimiyyar harshe ta fara karantawa. Da ta koma jami'a sai ta haɗa da nazarin al'adun al'umma, domin a cewarta harshe ba ya yawo shi kaɗai, da masu shi yake tafiya. Abin da ta sa gaba shi ne yadda manoma da makiyaya ke magana da juna: gaisuwarsu, cinikinsu, barkwancinsu. Ni nake goya ta a babur zuwa kasuwar Damri, ta zauna cikin masu nono da rikoda a cinya. Akwai wata Inna Hajjo da ke fara zance da Fulatanci ta ƙarasa da Hausa, masu saye kuma su amsa mata gaisuwa da harshenta. A Tsibiri wani dattijo ya kwashe yini yana ba ta labarin Bafulatanin da ke sauka gonarsa kowane rani, shanu su ci kara su bar masa taki.

Da ta kai aikin, wani malaminta ya ce ta mayar da maganar tsofaffin zuwa daidaitacciyar Hausa, duk inda aka ce "yaz zo" ta rubuta "ya zo". Ta ƙi. Aka riƙe kundin kusan shekara. Na lallashe ta ta bi, tunda mai nema ba ya fushi.

"Yaya, in na gyara bakinsu, na yi musu ƙarya," in ji ta. "Tsohon nan bai yi kure ba. Haka yaj ji ga ubanai."

Yau hanyar Tsibiri sai da addu'a. Inna Hajjo ban san inda ta faɗa ba. Nakan tambayi kaina me Sa'adatu za ta ce da ta ji samari na rantsuwa cewa Bahaushe da Bafulatani ba su taɓa cin tuwo a akushi ɗaya ba. Ba na musun jinin da aka zubar. Mu ma mun binne namu. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma kafin ya yi tsami an sha shi. Wannan ba wanda zai sa in manta.

Wasu dangi sun ce in ƙone muryoyin da ta naɗa, kada a same ni da su a yi mini wata fassara. Ban ƙone ba. Ina nan ina rubuta su harafi da harafi, yadda aka furta.

Kwanan baya na kunna wa abokin aikina, Malam Isiya, wanda 'yan bindiga suka kashe wa mahaifi a Ruwan Gizo. Na yi zaton zai tashi ya bar mini wurin. Ya saurara har ƙarshe kansa a sunkuye, sannan ya ce in tura masa a waya, yana so 'ya'yansa su ji.

Takardar digiri dai ba ta samu ba. Abin da ta bari shaida ce, kuma shaida ba ta tsufa. Allah Ya haskaka kabarinki, Sa'a. Ban gyara musu ko kalma ɗaya ba.