Ustad Riyasat, mai share karce

Mai rai ya karɓi abinsa, kuma dukkanmu can muka nufa. Ranar Talata, 14 ga Janairu, bayan sallar azahar, Ustad Riyasat Bhatti, mai gyaran jikin laftop a bene na uku na kasuwarmu a Lahore, ya cika yana da shekara sittin da ɗaya. Huhunsa ne ya gaji. Shekara ashirin da biyar ya yi yana shaƙar ƙurar sanfefa da feshin fenti a shagon da ba taga. 'Yan kasuwa suka ce ni, Shafqat Dogar, mai sayar da caja da batir a shagon da ke jikin nasa, ni zan rubuta ta'aziyyarsa. Na ce su nemi wani. Suka nace. To, ga ta.

Ustad, ba zan rage maka komai ba. Kaf benenmu babu mai hannunka. Tsofaffin laftop na kwantena suna zuwa maka duk jikinsu kwarzane, ka bi kowane karce da farce. In farce bai maƙale ba, man goge baki da tsumma mai laushi sun ishe ka. In ya maƙale, sai sanfefa jiƙe da ruwa, sannan feshi. Kuma kana da wata al'ada da kowa ya san ka da ita: duk laftop ɗin da ya shiga shagonka, ko maɓalli ɗaya ya kawo shi, ba ya fita sai ka share masa jiki kyauta. Ba ka iya ganin karce ka ɗauke kai.

Na tuna malamar makarantar nan da ta shigo tana kuka, laftop ɗin ofishinsu ya suɓuce mata a titi, tana tsoron kora. Kafin la'asar ka mayar mata da shi sumul, ka ce ta biya mana shayi kofi biyu, shi ke nan. Na tuna kuma lokacin da na yi rashi, kwana arba'in kana raba abincin ranarka da ni, kana tura min gurasa gabana kana cewa in ban ci ba kai ma ka fasa. Waɗannan duk ka yi su, kuma na shaida.

Rashin da na yi, na 'yata ne, Nimra, wadda ke karatun haɗa magunguna. Ka san ta tun tana rarrafe a tsakanin shagunanmu. Ka kuma san murfin laftop ɗinta. Duk jarrabawar da ta ci, sai ta zare fil ɗin gyalenta ta ja layi ɗaya a kai, a kusurwa kuma ta zana wani tsuntsu mai karkataccen baki. Duk sanda ta zo sai ka dafe kai.

“'Yata, kawo in share miki ɓarnar nan. Idona ciwo yake.”

“Chacha ji,” takan ce, wato baffa, “ka ji da na kwantena. Nawa ba na sayarwa ba ne.”

Zazzaɓin dengue ya ɗauke ta cikin kwana shida. Kai ka riƙe gaban makararta. Bayan nan uwarta ba ta da abin da ya wuce laftop ɗin. Kowace safiya takan ɗora shi a cinya, ta bi layukan da yatsa, ta buɗe, ta rufe, har hinjin da ke riƙe murfin ya karye. Na kawo maka da hannuna. Na ce, “Hinjin kawai, Ustad ji.” Ka ce ka ji.

Washegari ka miƙo min shi naɗe a jarida, kana murmushi. Na buɗe na ga fuskata a murfin, yana ƙyalli kamar madubi. Babu layi, babu tsuntsu.

“Ka kai wa bhabhi,” ka ce, kana nufin matata. “Kullum tana shafa abin nan tana kuka. Yanzu za ta huta.”

Ka dube ni, sai ka ƙara da cewa, “Haba Dogar sahib, karce ne fa.”

Da na kai gida, matata ta ce na ɗauko na wani, in mayar. Sai da ta kunna ta ga hoton Nimra sannan ta yarda. Ba ta yi kuka ba. Ta sa shi a ƙasan akwati, kuma har yau bai fito ba. Ba mu taɓa ɗaukar hoton murfin ba, don wa zai yi tunanin haka? Ita ta ce layukan sha tara ne, ni na ce sha bakwai. Shekara uku ke nan muna wannan musun, kuma mun san babu mai raba mu.

Shekara ukun nan sallama kawai ke haɗa ni da kai. Ina jin tarinka ta bango, sai in ƙara sautin rediyo. Ba na alfahari da wannan, ba na kuma nadama. Da jiki ya yi tsanani, ka aiko ƙanenka Basharat har sau biyu, wai kana neman in yafe maka kafin ka tafi. A na uku na je asibiti. Na same ka ka zama ƙashi da fata, hannayen nan da kasuwa ke ji da su suna yashe a kan bargo. Ka janye robar numfashi daga bakinka.

“Dogar sahib, ka yafe min.”

“Kai ne na ƙarshe da ya ga layukan,” na ce. “Nawa ne?”

Ka daɗe kana kallon rufi. Na ga kana nema, da gaske kake nema, har gumi ya tsattsafo maka.

“Ban ƙirga ba,” ka ce.

Na mayar maka da robar a bakinka, na gyara maka bargo, na fito.

A wajen jana'iza Basharat ya tsaya gaban sahu, ya ce duk wanda mamaci ya ɓata wa, ya yafe masa saboda Allah. Jama'a suka amsa sun yafe. Ya maimaita yana kallona. Na kalli ƙasa.

Allah Ya jiƙanka, Ustad Riyasat. Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya yalwata maka makwanci, Ya saka maka da kowane alheri da hannunka ya yi. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, bhabhi Nasreen, da Basharat, da 'ya'yanka mata uku, da duk mutanen bene na uku. Allah Ya ba su haƙuri. Na yi maka salla, na sa kafaɗata a makararka, na zuba maka ƙasa da hannuna. Abin da ka aiko nema ne ban ba ka ba, kuma ba zan bayar ba.