Gwangwanin Ƙofar Marke

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Shagari a kan babur, ni da taubashina. Abin da zai kai ni Sakkwato wasan nan ne da na dame ku da shi: wani ya ɓoye ɗan gwangwani da takarda a ciki, ya sa wurin a taswirar waya, wanda ya gano ya rubuta sunansa ya mayar. An ɓoye sabo a Ƙofar Marke, kwana uku ba wanda ya same shi. Ni kuwa shekarata guda ina wasan, ban taɓa zama na farko a takarda ba, abin yana ci mini rai. Shi taubashin manomin albasa ne, fulogin injin ban-ruwa zai saya, ya ga banza ya hau.

A Bodinga muka karya da kunu da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, sai ka jefa uku ka rasa inda suka shiga. Na yi masa bayanin wasan, ya ce ashe boko kan mayar da babba ɗan jari-bola. Na ƙyale shi, taubashi ba a kai shi ƙara.

Mun fara da Ƙofar Taramniya, sannan Ƙofar Rini. Ganuwa kam ta tafi, sai suna da hayaniyar 'yan kabu-kabu. Tsofaffin gwangwanayen da aka ɓoye a can ba su ba ni wuya ba, na sa sunana can ƙasan na mutane kamar kullum.

Da hantsi muka isa Ƙofar Marke. Waya ta ce saura taku biyar. Na ɗaga duwatsu, na leƙa kwata, na zura hannu cikin ramin da mai hankali ba zai zura ba. Akwai wani dattijo mai ɗinkin hula a gindin dogon yaro, na jefa masa sallama ido na kan waya na wuce. Taubashina kuwa ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ya gaida gida, ya gaida iyali, ya tambayi gajiya, har ciwon ƙafar tsohon sai da ya tambaya. Na ce a raina mutanen ƙauye ba su san darajar lokaci ba.

Na kusa awa guda ina gumi. Ina waigowa sai ga gwangwanin a hannun taubashina.

Dattijon ya ce masu tsintar ƙarfe suna ɗaukewa, shi ya sa mai gwangwanin ya bar masa ajiya a kwandon zarensa. Ya nuna taubashina da allura: "Mutum huɗu sun zaka, kowa idonai ga waya. Wanga kaɗai ya gaishe ni."

Wallahi kishi ya turnuƙe ni. Mutumin da ko buɗe taswira bai iya ba! Ya warware takardar, fara fat, ya miƙo mini da biro yana murmushi.

"Malam, sa min sunana, kai ne mai boko."

Ga layin farko, ga biro a hannuna, kuma shi ba zai iya karantawa ba. Ba zan ɓoye muku ba, sai da zuciyata ta raya mini in fara da sunana. Na ɗaga kai na ga dattijon ya ajiye ɗinki yana kallona. Na rubuta sunan taubashina, na sa nawa a ƙasa.

Sannan na tuɓe takalmi na gaida tsohon, gaisuwar da ta makara. Ya amsa duka, bai rage mini ko ɗaya ba.

A hanyar dawowa na sa ido kan titi ina ta tuƙi. Shi kuwa duk wanda muka wuce sai ya ɗaga masa hannu, ya zungure ni ya ce ko wannan ma yana da gwangwani. Mun shiga gida da la'asar, da fulogi da kunya.

Na koyi cewa waya tana kai ka ƙofa ne kawai, shiga sai da gaisuwa. Amma kada ku ɗauka na huce. Takardar nan tana can, sunansa a sama, kuma da rubutuna.