Duman Kadan Iya Tasalla

A bayan gidanmu na Ɗanzomo, zamanin da Nasara ba su daɗe da zuwa ba, akwai wani ɗan fili da duman kada ya rufe ruf. Kowa tuge shi yake yi, don in akuya ta ci sai ta kama karkarwa. Kakata Iya Tasalla kuwa renonsa take yi. Ta yanki reshe, ta binne gaɓa biyu a yashi, ta zuba masa ragowar ruwan alwala. Wanda ya yaɗo kan hanya ta juya kansa ciki. Da bazara, komai ya ƙone, shi sai ya fid da furanni jaja-jaja kamar 'yan ƙoƙuna.

Nakan tsokane ta, "Iya, miya za ki yi da shi?"

"Maigida, kai dai kada ka taka."

Bayan sallar isha muke kewaye ta a bakin murhu. Akwai tatsuniya ɗaya da ba ta yi mana sai duman ya yi fure. Wai wani mahaƙin rijiya ne ya yi zurfin gaba goma cikin ƙasa, ya ji danshi, ya ƙwala wa matarsa kira ta kawo ƙoƙo ta sha ruwan fari. Kafin ta dawo yashi ya rufta. Aka kwana uku ana tono, yashi na komawa, har liman ya ce a yi masa salla daga sama. Matar ta dasa duman kada, saiwarsa ta riƙe ƙasa, makiyaya suna kauce masa.

"Har yau yana miƙo mata ƙoƙon," in ji Iya, idonta a kan garwashi. Ba ta taɓa rufe wannan da ƙurunƙus ba.

Na girma, Iya ta rasu, akuyata ta ci duman ta mutu. Don haushi na tuge shi tas, na shuka kuɓewa. Ruwan farko ƙasar ta burma, rami zagaye kamar bakin rijiya, daidai inda 'yata Hajara ta yini wasa jiya. Wani dattijon maƙwabcinmu ya leƙa, ya dube ni.

"Ashe ba ta gaya maka ba? Kakanka ne a ciki."

Ta gaya mini mana, kowace bazara. Ni ne na ɗauka tatsuniya ce, kuma kunyar wannan ba ta sake ni ba. Na cike ramin, na nemo reshe na dasa. Yanzu ni nake zuba masa ragowar ruwan alwala.