Sunanta a Takardar Naɗe Kifi

Lokacin da abin ya faru ni saurayi ne mai rawar kai, ina koyar da lissafi a wata sakandare a Yelwa, tun muna cikin Jihar Sakkwato. Wani dogon hutu aka kawo kwamfuta ɗaya tal da firinta, aka tara mu malamai don a koya mana rubuta mata umarni. Har yau ina kewar ɗakin nan, da fankar da ke kuka, da iskar tafki mai shigowa da ƙanshin kifin banda. Takalmi muke cirewa kafin mu shiga, don girmama na'ura.

Mace ɗaya ce a cikinmu, wata malama daga Warra, tana zaune gidan kawunta, wanda da ƙyar ya yarda ta zo. Ta fi mu duka. An kuma ce wanda ya yi fice za a tura shi Sakkwato ƙarin karatu, kowa ya san ita ce. Ni kuwa sonta nake yi, amma ko gaisuwa sai bakina ya sarƙe.

A makon muna koyon abu biyu: yadda ake sa na'ura ta maimaita aiki, da yadda ake gindaya mata sharaɗi, idan ƙidaya ta kai kaza ta tsaya. Malaminmu ya sha faɗa mana cewa na'ura ba ta da hankalin gajiya, kuma kada wanda ya kuskura ya kashe ta tana tsakiyar aiki. Wata rana, da aka fita sallar azahar, na laɓe na rubuta umarni a buga sunana da nata a jere sau goma, in yage in ba ta. Na sa sharaɗin daidai, amma na manta layin da ke ƙara ƙidayar. Ƙidaya ta tsaya a ɗaya, goma ba ta zo ba, firinta ta yi ta feso takarda har ƙasa. Na danna duk abin da hannuna ya kai, ina tsoron zare waya. Sai da malam ya dawo ya tsayar da ita da yatsa biyu. Bai tona ni ba, ya dai ce in tattara in ƙona.

Ban ƙona ba. Kunya ta sa na cusa a kwandon shara na gudu. Mai shara ya ga takarda mai kyau, ya kai wa masu soya kifi a bakin ruwa. Kafin kwana biyu sunayenmu sun zaga gari, jiƙe da mai. Kawun nata ma a ciki aka naɗo masa kifi. Bai saurari rantsuwarta ba, ya sa ta a jirgin ruwa zuwa Warra. Ni aka tura Sakkwato. Innata da ta ji labari ta ce mini kujerar wani na hau, kuma gaskiya ta faɗa.

Bayan shekaru na haɗu da ita a kasuwar Warra da jikarta. Ta yi dariya, ta tambaye ni ko injin nan ya tsaya. Na nemi gafara, ta ce ta yafe tuntuni, abin da ya tsaya mata kawai shi ne ba ta sake taɓa kwamfuta ba, alhali ranar da aka mayar da ita Warra ta zo da aikinta a rubuce, tana jiran layinta.

Na koyar da wannan darasi har na yi ritaya, kuma ban taɓa barin ɗalibi ya kunna maimaici ba sai ya nuna mini inda zai tsaya. Matasa, ku ji tsoron sa sunan 'yar mutane cikin abin da ba ku iya tsayarwa, balle yanzu da waya ta fi masu kifi saurin yaɗa magana. Ni kunyar kwana biyu na sha, ita kuwa karatunta ne ya tafi.